Jiragen tsohon fim ɗin barkwancin nan na Ingila: da gaske sun tashi, ko dabarar kyamara ce?

Tambaya: Na kalli wani tsohon fim ɗin barkwanci na Turawan Ingila a kan tseren jiragen sama daga Landan zuwa Paris a 1910, mai suna Those Magnificent Men in Their Flying Machines. Jiragen duk katako ne da yadi da waya. Da gaske sun tashi da mutum a ciki, ko siddabarun kyamara ne? In sun tashi, yaya aka ƙera su, kuma me ya sa na wancan zamani suke yawan faɗuwa?

Amsa: Sun tashi, Malam, amma ba duka ba. An ƙera jirage iri 20 domin fim ɗin a 1964, kuma iri shida daga ciki jirage ne na gaske, masu inji da matuƙi, waɗanda suka bar ƙasa da ƙarfin kansu: Bristol Boxkite, da Avro mai fukafukai hawa uku, da Antoinette, da Demoiselle, da Eardley Billing, da Vickers 22. Sauran, irin mai zagayayyen fiffike da mai kaɗa fukafukai, rataye su aka yi da waya ko aka gudu da su a ƙasa. Yawancin faɗuwar da ta ba ka dariya kuwa tana da asali a raunin jiragen 1910, kuma waɗanda suka sake ƙera su bayan shekara 54 sun ci karo da wannan raunin da idonsu.

Ken Annakin ne ya ba da umarni, shi da Jack Davies suka rubuta labarin, kamfanin 20th Century Fox ya sa kuɗi, aka saki fim ɗin a 1965. Tseren Landan zuwa Paris na cikin labarin ba a yi shi a 1910 ba, ƙirƙira ce. Abin da aka yi da gaske shi ne gasannin da jaridar Daily Mail ta Lord Northcliffe ta riƙa sa wa kuɗi: fam 1,000 ga wanda ya fara ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila, wanda Louis Blériot ya ci ranar 25 ga Yuli 1909, sai fam 10,000 na Landan zuwa Manchester, wanda Louis Paulhan ya ci a Afrilun 1910. Wannan fam 10,000 ɗin da mai jarida ya sa shi ne aka ɗauko aka dasa a fim ɗin. Filin jirgin da suka kira Brookley kuma Brooklands ne, filin tseren motoci na kusa da Weybridge da aka buɗe a 1907, ko da yake a filin Booker kusa da High Wycombe aka ɗauki aikin. Kududdufin ƙazantar garin nan da jirage ke ta afkawa ciki ma ba ƙari ba ne. Akwai wurin tace najasa a gefen Brooklands, kuma jirgin A. V. Roe mai hawa uku, wanda ake koyar da ɗalibai da shi a can, ya faɗa ciki fiye da sau ɗaya.

An ɗauki fim ɗin da tsarin Todd-AO mai faɗin milimita 70. Hoto mai kaifi haka a babban allo ba ya rufa wa ƙananan jiragen wasa asiri, don haka babu mafita sai a ƙera na gaske. Aka ɗora aikin a wuyan Allen Wheeler, tsohon babban hafsan sojan sama na Birtaniya, ya rarraba shi ga ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin masu sha'awar jirage. Kamfanin F. G. Miles ya yi Boxkite guda uku, ƙungiyar Hampshire Aeroplane Club ta yi Avro, kamfanin Doug Bianchi ya yi Demoiselle. Ƙa'idar Wheeler ita ce a bi siffar asali da kayan asali gwargwadon iko, a sa injin zamani, a canza abin da barinsa zai iya cin rai.

Gangar irin wannan jirgi ba ta da wani ƙarfi nata na kanta. Kowane fiffike yana da dogayen katakai biyu, na gaba da na baya, sai ƙananan haƙarƙari masu lanƙwasa da suka gitta su, su ne ke ba fiffiken siffarsa. Inda ake son sauƙin nauyi a sa katakon sifurus, inda ake son abin da zai lanƙwashe bai karye ba, kamar sandunan sauka na ƙasa, a sa katakon ash. Tsakanin fiffiken sama da na ƙasa akwai turaku a tsaye, kuma kowane fili da ke tsakanin turaku biyu an gicciya masa wayar ƙarfe. Wayoyin nan su ne jirgin. Kamar ƙafar keke ce: in wayoyinta sun ɗauru daidai za ta ɗauki ƙato, in uku suka saki sai ta murguɗe. Wayoyin jirgin kashi biyu ne. Akwai masu ɗaukar nauyi lokacin da jirgi ke sama, suna hana fukafukai naɗewa sama, akwai masu ɗaukar nauyin fukafukan lokacin da jirgi ke ƙasa ko ya dira da ƙarfi. Kowace waya tana da ɗan bututu mai zare ta ɓangarori biyu, in ka murɗa shi sai ta tsuke, sannan a ɗaure shi da siririyar waya don kada girgizar inji ta kwance shi.

Saita wayoyin sana'a ce mai zaman kanta. A ɗora jirgin a kan jakunan katako yadda zai zauna kamar yana sama, a tabbatar da ma'aunin ruwa cewa ya daidaita gaba da baya, hagu da dama. Daga tsakiya ake farawa a fita zuwa bakin fiffike, ana auna kowane gicciye har tsawon wayoyinsa biyu ya zo ɗaya. Daga nan a auna kusurwar da fiffike ke fuskantar iska da ita a gindin kowane turke. Bambancin digiri ɗaya tsakanin hagu da dama ya isa ya sa jirgin ya riƙa karkata gefe guda, matuƙi ya yi ta kokawa da shi tun daga tashi har sauka. In aka tsuke waya fiye da kima, turke ya lanƙwashe. In aka bar ta sako-sako, fiffiken ya riƙa motsi a iska. Kuma saitin ba ya zama, domin katako da yadi suna shan raɓa su kumbura, rana ta fito su sake. Shi ya sa bakanike kan zagaya kowace safiya yana taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana jin amonsu. Yadin ma haka: a 1910 auduga ce da aka shafa wa roba, wasu ma kunun sitaci suke shafawa don ya toshe ƙofofin saƙa, ruwan sama ya taɓa shi ya yi laushi. Fentin da ke tsuke yadi ya yi tauri sai bayan haka ya bazu.

Abin da ya ba injiniyoyin 1964 sha'awa shi ne, da suka yi lissafin ƙarfin gangar Boxkite domin neman takardar izinin tashi, sai suka tarar ya yi kusa ƙwarai da ƙa'idar zamaninsu. G. H. Challenger, wanda ya zana shi wa kamfanin Sir George White a Bristol yana kwaikwayon jirgin Farman na Faransa, bai yi aikin banza ba. Matsalar a wajen inji ta ɓullo, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau.

Boxkite na asali, wanda ya fara tashi a Larkhill a ƙarshen Yulin 1910, yana da injin Gnome mai silinda bakwai da ƙarfin doki 50. Kwafin fim ɗin an fara sa masa Continental A65 mai ƙarfin doki 65. A takarda an ƙara masa ƙarfi ke nan, a fili kuwa bai wadatar ba, sai da aka cire aka sa mai 90. Dalilin yana wajen farfela. Gnome yana ba da ƙarfinsa a juyi 1,200 a minti, yana juya farfela mai faɗin kusan mita biyu da rabi. A65 sai ya kai juyi 2,300 kafin ya ba da nasa, kuma farfelarsa ba ta wuce kimanin mita 1.8 ba. In ka lissafa da'irar da kowace ke sharewa, ta Gnome ta kusa murabba'in mita 5, ta A65 kuwa kamar 2.5. Ita farfela iska take kamawa ta tura baya. Ga jirgin da duk gudunsa kilomita 64 ne a awa, ya fi riba ya kama iska mai yawa ya tura ta a hankali, da ya kama kaɗan ya watsa ta da gudu, domin ƙarfin da ya tafi cikin gudun iskar nan asara ne. To me ya hana a ɗaura babbar farfela a sabon injin? Abu biyu. Na farko, ƙarfin murɗawa: doki 50 a juyi 1,200 ya fi doki 65 a juyi 2,300 ƙarfin murɗa da kusan rabi, don haka sabon injin ba zai iya kai babbar farfela juyin da yake bukata ba. Na biyu, ko da ya iya, bakin farfela mai mita biyu da rabi a juyi 2,300 zai riƙa gudun kusan mita 300 a daƙiƙa, dab da gudun sauti, inda aikin farfela ke lalacewa ta koma ƙara kawai. Maganin gaskiya shi ne giya mai rage juyi tsakanin inji da farfela, amma wannan ƙarin nauyi ne da kuɗi da lokaci. Sa inji mai doki 90 ya fi sauƙi. Haka aka yi wa Avro ma: na asali doki 35 ne na injin Green, kwafin kuwa aka sa masa Cirrus wanda ya ninka wannan fiye da sau biyu.

Sai zafi. A kwafin Boxkite injin yana bayan matuƙi, farfela kuma a bayan inji, tana turawa. Injin da iska ke sanyayawa, in yana gaba, iskar farfela na bugunsa ko jirgin na tsaye. A baya kuwa babu abin da yake samu sai iskar tafiya, ita kuma a kilomita 60 ba ta taka kara ta karya ba. Gnome bai san wannan matsala ba, domin ginin sa daban ne: sandar tsakiyar injin a kafe take a jikin jirgi, silindodin ne gaba ɗaya ke juyawa tare da farfela, suna yi wa kansu fifita. Injin zamani da aka sa a gurbinsa a tsaye yake. Dabarar da makanikai suka sani ita ce a buɗe kafireta ta ba da fetur fiye da wanda injin zai ƙone, ragowar ya ɗauke zafi. Yana aiki, sai dai yana shan mai kuma fulogi na saurin yin baƙi.

Kada ka ɗauka Gnome ba shi da nasa aibin. Kusan ba shi da totur, ko dai yana aiki gadan-gadan ko a kashe, don haka matuƙi mai son sauka sai ya riƙa danna maɓallin yanke wuta yana saki. In ya daɗe yana dannawa, fetur da mai su jiƙe fulogi, ya saki injin ya ƙi kamawa, a daidai lokacin da yake bukatarsa. Man zurma ake sa masa saboda ba ya narkewa cikin fetur, kuma man ba ya dawowa, yana fita ne ta bututun hayaƙi ya fesu ko'ina. Bawul ɗin shigar mai a kan fistin yake, in ya maƙale wuta na iya komawa cikin injin. Tayar da shi ma aikin mutane da yawa ne: a tabbatar wuta a kashe take, a ɗiga fetur a silinda, a juya farfela da hannu ta zuƙa, sannan a kunna wuta a fizge ta. Babu birki, sai mutane su riƙe wutsiya har matuƙi ya ji injin ya daidaita ya ɗaga hannu su saki. Duk inda ka ga jirgi a fim ɗin ya tsere da mutum yana rataye, daga wannan tsarin abin ya samo tushe.

Labarin Demoiselle gajere ne. Alberto Santos-Dumont, ɗan Brazil mazaunin Paris, shi ya ƙera shi da gora da siliki, faɗin fukafukansa bai kai mita 6 ba, nauyinsa kilo ɗari da 'yan kai. Shi kansa Santos-Dumont ɗan ƙaramin mutum ne, wajen kilo 50. Kwafin da aka yi da injin da aka samo daga na motar Volkswagen ya ƙi tashi da maza matuƙa, sai tsalle. Da aka ba Joan Hughes, mai koyar da tuƙi a filin White Waltham, wadda ta yi jigilar manyan jiragen yaƙi daga masana'anta zuwa sansanoni a yaƙin duniya na biyu, sai ya tashi lafiya lau. A jirgin da shi da matuƙinsa ba su kai kilo 200 ba, ƙarin kilo 25 ya haura kashi goma cikin ɗari na nauyin gaba ɗaya, kuma rarar ƙarfin da ake hawa da ita ba ta kai ta ɗauki wannan ba. Don haka Bafaranshen nan mai son mata da ka gani yana shawagi, daga nesa Joan Hughes ce cikin kayansa.

Wanda ya fi wahalar da su shi ne Antoinette, jirgin da ya fi kowanne kyau a ido, mai dogon jiki irin na kwalekwale, zanen Léon Levavasseur. A nan ne za ka gane babban ciwon jiragen wancan zamani, wato karkatar da jirgi hagu ko dama da dawo da shi. Hanyar da 'yan'uwan nan Wright na Amurka, magabatan ƙera jirgin sama, suka kawo ita ce murɗa fiffike: matuƙi ya ja waya, bakin fiffike ɗaya ya murɗe ƙasa ya ƙara kama iska, ɗayan ya murɗe sama. Kafin haka ta yiwu dole fiffiken ya zama mai murɗuwa, fiffike mai murɗuwa kuwa iska ma tana iya murɗa shi ba tare da izinin matuƙi ba. Kwafin Antoinette, wanda aka sa wa injin Gipsy, ya fito da fukafukai masu laushi har abin ya zama haɗari. Aka ƙara wayoyi, aka bar murɗawa aka sa masa ƙananan marafai masu hinji a bayan fiffike irin na jiragen yau, duk da haka da ƙyar yake biyayya. Na asali kuma sarrafa shi wani karatu ne daban: sitiyari biyu a gefen matuƙi, ɗaya na hawa da sauka, ɗaya na karkata, ƙafafu kuma na kan abin juya wutsiya. Wahalar koyon sa ta kai kamfanin ya ƙera wata ganga da aka raba biyu ana zaunar da ɗalibi a kai ana girgiza shi, ɗaya daga cikin na'urorin koyon tuƙi na farko a duniya.

Akwai kuma tarkon da ke cikin karkata kanta. Fiffiken da ka ƙara wa kama iska don ya ɗagu, ka ƙara masa tirjiya, sai ya ja baya. Kana son juyawa dama, ka ɗaga fiffiken hagu, sai hancin jirgi ya nufi hagu. Dole ƙafa ta riga hannu, a fara da wutsiya. A Boxkite abin ya fi muni, saboda marafansa ƙasa kawai ake jan su, in jirgi na tsaye ma a rataye suke sai iskar tafiya ta ɗaga su. Shi ya sa za ka lura jiragen gaske na cikin fim ɗin ba sa kwantawa a kwana, suna zagayawa ne a faɗi, kusan a miƙe, suna ɗan zamewa gefe.

Wani dalilin wannan taka-tsantsan shi ne ƙarancin rata tsakanin iyakar gudu da gudun da in aka gaza shi fiffike zai saki iska jirgi ya faɗo. Kwantawa a kwana na ɗaga wannan ƙaramin gudun: digiri 30 na ƙara kusan kashi 7 cikin ɗari, digiri 45 kashi 19, digiri 60 kashi 41. Jirgin da iyakarsa 64 ba shi da inda zai samo wannan ƙari. Ga kuma tirjiyar turaku da wayoyi, wadda ke sa gudun ya zube nan take in inji ya mutu. Matuƙi na da daƙiƙa biyu ko uku ya dangwarar da hanci ƙasa sosai, ya sauka a duk filin da ke gabansa. Ɗalibin da tsoro ya sa ya ja hanci sama don ya tsawaita tafiya, shi ne ke faɗowa. Ba mamaki da ɗaya daga cikin matuƙan fim ɗin, Derek Piggott, gwanin jirage marasa inji ne, mutumin da ya saba jin iska a jikinsa ba sai ya dubi agogo ba.

Iska ce mai yanke hukunci. Ana ɗaukar hotunan sama ne da sassafe kafin ƙarfe goma, ko da yamma lis, saboda da rana ta gasa ƙasa iska mai zafi na tashi gungu-gungu, ta ɗaga fiffike ɗaya ta bar ɗaya, ƙarfin sarrafawar jirgin kuma bai kai ya mayar da shi da sauri ba. Mutanen 1910 ma haka suke yi. Blériot da asuba ya tashi, da injin Anzani mai silinda uku da doki 25, ba shi da kamfas, ya yi minti talatin da 'yan kai a sama, ya dira kusa da Dover da ƙarfi har ƙafafun jirgin da farfela suka lalace. Hubert Latham da ya riga shi gwadawa da Antoinette ranar 19 ga Yuli, injin ya mutu ya sauka a ruwa. A gasar Manchester, Claude Grahame-White ya yi yunƙurin farko ranar 23 ga Afrilu, iska ta tilasta masa sauka kusa da Lichfield, aka yi sakaci ba a ɗaure jirgin da turaku ba, iska ta kife shi a ƙasa ba kowa a ciki. A karo na biyu, don ya cim ma Paulhan, ya tashi cikin dare da hasken fitilun motoci, abin da ba a saba gani ba a lokacin, amma iska ta sake saukar da shi. Paulhan ya kwana a Lichfield ya isa Manchester da asubahin 28 ga wata, tafiyar kusan kilomita 300. Layin dogo suke bi don kada su ɓata, har kamfanin jirgin ƙasa ya shafa farar ƙasa a mahaɗar layuka don ya nuna masu hanya. Saboda haka jirgin sama da jirgin ƙasa da ka gani tare a fim ɗin tsohuwar alaƙa ce, ko da yake saukar mugun mutumin cikin labarin, wanda ɗan wasa Terry-Thomas ya fito a matsayinsa, a kan tarago har cikin ramin dutse shiri ne na 'yan fim, wanda aka ɗauka a tsohon layin Bedford zuwa Hitchin.

In kana son rarrabe na gaske da na dabara yayin kallo, dubi inji. A Boxkite, wanda Ba'amurken labarin ke tuƙawa, za ka ga injin a tsaye yake farfela kaɗai ke juyawa, alhali na 1910 da injin duka zai riƙa wulwulawa. Dubi motsi: jirgin da ke sama da gaske yana ɗan rawa, fiffike na sauka yana tashi, marafai da wutsiya ba sa hutawa, inuwarsa na bin ƙasa daidai. Na rataye yana tafiya sumul a layi ɗaya, ko ya yi lilo daga sama, kuma ba a cika nuna shi da faɗin sararin sama a kansa ba. Duk inda ka ga fuskar ɗan wasa kusa yana magana a sama, a ɗakin ɗaukar hoto na Pinewood yake, an haɗa masa bayan daga baya, wani lokaci ma za ka ga siririn layi ya zagaye kansa. Guje-gujen ƙasa da motar kashe gobara kuwa an hanzarta hoton ne.

Abu biyu ne nake ganin ya kamata mai kallo ya riƙe. Na farko, barkwancin ƙabilu da fim ɗin ya dogara a kai, Bajamushe mai bin littafi ko a bakin mutuwa, ɗan Italiya mai tarin 'ya'ya, Bafaranshe mai neman mata, shi ne ɓangaren da ya fi tsufa, kuma ba daga nan za ka san ko su wane ne matuƙan farko ba. Ɗan Japan ɗin da ke cikin tseren ma ya riga lokacinsa, domin sai a Disambar 1910 jirgi ya fara tashi a Japan. Na biyu ya fi nauyi. A fim kowa na fita daga tarkace ya karkaɗe riga. Gaskiya ne da yawa sun fita haka, saboda gudun kaɗan ne kuma katako da waya na karyewa su shanye bugun. Amma 1910 shekarar makoki ce ga masu wannan harka. Charles Rolls, abokin kafa kamfanin Rolls-Royce, wanda ya ƙetare mashigin ya dawo ba tare da sauka ba a watan Yuni, ya mutu a Bournemouth ranar 12 ga Yuli da wutsiyar jirginsa ta karye a sama. Jorge Chávez ya ƙetare tsaunukan Alps a Satumba, fukafukansa suka karye yana dab da sauka, ya rasu bayan kwana huɗu. Cecil Grace ya shiga hazo a kan mashigin a Disamba, ba a sake ganinsa ba. Karyewar fukafukan jirage masu hawa ɗaya ta yi yawa har a 1912 rundunar sojan Birtaniya ta dakatar da matuƙanta daga hawansu na wasu watanni. Laushin da Wheeler ya gani a Antoinette shi ne irin abin da ya ci waɗancan mutane, bambancin kawai shi yana da ilmin shekara hamsin da zai gane shi kafin ya yi ɓarna.

Biyu daga cikin jiragen fim ɗin suna tashi har yanzu. Boxkite ɗaya da Avro mai hawa uku suna wurin adana tsofaffin jirage na Shuttleworth a Old Warden, cikin gundumar Bedfordshire, tare da Blériot na asali na 1909, wanda shi ne jirgi mafi tsufa a duniya da ke iya barin ƙasa, da Deperdussin na 1910 da Blackburn na 1912. Boxkite na biyu yana rataye a gidan tarihin birnin Bristol, na uku yana gidan tarihin jiragen soja a Oakey ta Ostareliya. Wanda ya samu zuwa Old Warden ya nemi ranar wasan yamma a lokacin bazararsu, ya kuma duba hasashen iska kafin ya sayi tikiti, domin su ake bari a ƙarshen shiri, kuma in iska ba ta kwanta ba ba a tashe su.